DUTSEN DALA DA LABARIN TSUMBURBURA

Wanda ya tashi daga Boɗinga ko Shagari za shi Kano, tafiyar da ke gabansa ta fi mil 300. In ya bar Sakkwato ya bi ta Talatar Mafara, ya wuce Gusau kaɗan, sai ya tarad da Dutsen Kwatarkwashi tsaye kusa da hanya, ƙato, wanda sai mutum ya ɗaga kai har hula ta nemi faɗuwa kafin ya ga ƙarshensa. To, wanda ya ga wannan, ga shi kuwa tun yana yaro ya ke jin ana cewa hangen Dala ba shiga birni ba, lalle zai zaci Dala ya fi haka nesa. Amma in ya isa Kano aka nuna masa shi, sai ya riƙe baki. Wani ɗan tudu ne ja, mai shimfiɗaɗɗen kai, gidaje sun kewaye shi ta ko wane gefe, yaro ma ya hau shi bai tsaya hutawa ba.

Duk da haka babu dutsen da ya kai shi suna a ƙasar Hausa. A gindinsa birnin Kano ya tsiro, a wurinsa kuma mutanen farko suka ajiye tsoronsu da begensu. Sarakunan Kano sun yi kusan shekara 500 suna fama da abin da a ke bauta wa a gindin dutsen nan kafin su ga bayansa. Wannan faman shi ne labarin da za a bayar.

SIFFAR DUTSEN

Duwatsun ƙasar Hausa iri biyu ne. Akwai baƙin dutse mai tauri, mai santsi, irin Kwatarkwashi da Kufena ta Zariya. Akwai kuma tudun marmara, ja, wanda samansa ke shimfiɗe kamar faifai. Dala na cikin iri na biyu, shi da ɗan'uwansa Goron Dutse da ke yamma da shi. Mutumin Boɗinga ko na Shagari ba baƙon irin waɗannan tuddai ba ne, gama ƙasarsu tana da su. Masana sha'anin ƙasa sun ce a da can duk filin wurin tsawonsa ɗaya da kan tudun. Ruwan sama ya yi ta zaizayar ƙasa shekaru aru aru, ya kwashe mai taushi, ya bar inda marmara ta yi ɓawo mai tauri ta tsare abin da ke ƙarƙashinta. Abin da ya rage tsaye shi ne Dala.

Masu awo sun ce kan Dala ya ɗara fuskar teku da ƙafa 1,753. Kada wannan lissafi ya ruɗi mai karatu, don birnin Kano kansa bisa tudu ya ke, ya ɗara teku da fiye da ƙafa 1,500. Abin da mutum zai hau daga gindi zuwa sama bai kai ƙafa 200 ba. Amma da ya ke ƙasar Kano shimfiɗaɗɗiya ce, a zamanin da babu dogayen gine-gine ana hango dutsen daga nesa ƙwarai. Fatake su kan hango shi su yi murna, sa'an nan su yi ta tafiya, jakuna su gaji, ba a kai ƙofar gari ba. Daga nan karin maganar nan ta samo tushe.

Abubuwa uku suka jawo mutane wurin. Na farko tama, watau dutsen da a ke narkarwa a fid da ƙarfe, don marmarar Dala tana da ita. Masu tonon kufai sun sami burbushin murhun narkar da tama kusa da dutsen, da aka auna shekarunsa aka ga ya kai wajen ƙarni na 7 na Miladiyya, watau kusan zamanin Hijira. Wannan ya yi daidai da abin da Abagayawa, tsofaffin maƙeran Kano, ke faɗi, cewa kakansu wani maƙeri ne mai suna Kano, wanda ya fito daga Gaya neman tama, ya same ta a nan, ya zauna. Wanda ke da ƙarfe kuwa shi ke da fartanya da gatari, shi ke da kibiya da mashi. Na biyu ruwa. Kusa da dutsen akwai Jakara, rafi da fadama, wanda a zamanin da kurmi mai duhu ya lulluɓe shi. Na uku tsaro, don wanda ke bisa Dala ba a yi masa zuwan ba-zata, tun maƙiyi na nesa zai hango ƙurarsa.

BARBUSHE DA TSUMBURBURA

Yawancin abin da aka sani na mutanen farko daga littafin nan ya fito da a ke kira Tarihin Kano. Da Larabci aka rubuta shi, labarinsa kuwa ya tsaya a zamanin Sarkin Kano Muhammadu Bello, wanda ya hau gado a 1883. Wani Bature, H. R. Palmer, ya fassara shi da Turanci a 1908, daga baya aka buga shi da Hausa a Zariya cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu.

Littafin ya ce Dala sunan mutum ne, baƙo, wanda ba a san asalinsa ba. Ya zo ya gina gida bisa dutsen, ya zauna da matansa, ya haifi 'ya'ya 7, maza 4 mata 3. Babbansu shi ne Garageje, daga zuriyarsa aka sami Buzame, Buzame ya haifi Barbushe. An siffanta Barbushe da cewa baƙi ne, ƙaƙƙarfa, maharbi, wai da sandarsa ya ke kashe giwa, ya ɗauko ta a ka ya yi tafiyar mil 9 da ita. Shi ya gaji asirin kakanninsa, ya zama shugaban masu tsafi na ƙasar duka.

Abin da su ke bauta wa sunansa Tsumburbura. Mazauninsa wata itaciya ce da a ke kira Shamus, wadda aka kewaye da katanga, ba mai shiga sai Barbushe, wanda duk ya shiga ban da shi sai ya mutu. Barbushe ba ya saukowa daga dutsen sai kwana biyu a shekara. In lokacin ya matso sai mutane su yi ta tahowa daga gabas da yamma, kudu da arewa, maza da mata, wani da baƙin kare, wani da baƙar kaza, wani da baƙin bunsuru, su taru a gindin Dala da yamma. In duhu ya yi sai Barbushe ya fito da makaɗansa, ya ja gaba zuwa wurin itaciyar, ko wa ya yanka abin da ya kawo. Sa'an nan ya shiga shi kaɗai, jama'a su kwana suna kewaya katangar. Da asuba sai ya fito ya gaya musu abin da zai auku cikin shekara duka.

Kurmin Jakara ma yana cikin sha'anin. An ce ruwansa baƙi ne, itatuwansa ba su motsi. In wata masifa za ta auko wa ƙasar sai a ji ƙara sau uku, a ga hayaƙi na tashi daga tsibirin da ke tsakiyar ruwan. Sai a yanka baƙin kare a gindin Tsumburbura, a yanka baƙin bunsuru a kurmin. In ƙarar da hayaƙin suka tsaya, to, an tsira. In ba su tsaya ba, sai a shirya wa wahala.

Barbushe yana da manyan mutane ƙarƙashinsa, ko wane da wurinsa. Gunzago yana gindin Goron Dutse, Jandamisa yana Magwan, Gumbarjado yana Fanisau. Waɗannan duka tuddai ne, watau ko wane tudu da jama'arsa, Dala kuwa shi ne uwa. Akwai kuma shugabannin sana'a. Gijigiji shi ne maƙeri, Bugazau mai dafa giya, Hamburki mai magani, Ɗanbuntuniya mai tsaron gari da dare, Jandodo shugaban makaɗa, Maguji kuwa shi ke haƙo tama ya narkar, daga gare shi aka ce Maguzawa suka fito. Duk wanda ya dubi wannan jeri zai gane mutanen nan ba tarkace ba ne. Suna da tsari, ko wace sana'a da babbanta, taron shekara shekara na gindin Dala kuwa shi ne igiyar da ta ɗaure su wuri guda. Ba su da sarki mai dogarai da kurkuku. Tsoron abin da ke bayan katangar nan shi ne dogarinsu.

Ba mutanen Dala kaɗai suka ɗauki dutse mazaunin abin bauta ba. Yunanawan da, mutanen ƙasar da a ke kira Girka yanzu, suna da wani dutse Olimfus, mai tsawon ƙafa 9,570, wanda gizagizai kan rufe kansa. Suka ce can gumakansu 12 ke zaune, da babbansu Ziyus mai jefa aradu. Ba a san wani ya taka ƙololuwarsa ba sai a 1913, aka tarar ba kome sai duwatsu da iska. Bambancin shi ne, Olimfus tsawonsa ya tsare masa asirinsa, Dala kuwa ba shi da tsawon da zai ɓoye kome. Katanga ce da bakin mutum guda suka tsare nasa.

ZUWAN BAGAUDA

An ce wata shekara Barbushe ya fito ya gaya wa jama'a wani baƙo na nan tafe da rundunarsa, zai mallake su, shi da zuriyarsa, har su manta da kansu, za a kuma gina masallaci a ƙasar. Suka yi baƙin ciki, suka tambaye shi dabara. Ya ce musu ba wata dabara sai haƙuri.

Bayan Barbushe ya mutu sai ga Bagauda, wanda labarin Daura ya ce ɗan Bawo ne, jikan Bayajida. Bisa lissafin Tarihin Kano ya zo a shekara ta 999, ya yi sarauta har 1063. Wani dattijo mai suna Jambere ya gargaɗi mutane kada su bari baƙin nan su zauna, amma suka raina su, suna ganin ba inda Bagauda zai sami ƙarfin cin su. Abin lura a nan shi ne Bagauda bai zauna Dala ba, a Sheme ya zauna. Ya sami sunan sarauta, amma dutsen da itaciyar da zukatan mutane suna hannun masu su. Shi ma hangen Dala ya yi.

Jikansa Gijimasu, wanda ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ginin ganuwa. An ce ran da aka fara aikin ya yanka shanu 100, aka yi wa ganuwar ƙofofi 8. Ɗansa Tsaraki ya ƙarasa ta. Da haka Dala ya zama yana cikin gari, sarki da masu tsafi suka zama 'yan birni ɗaya, ko wane na duban ɗan'uwansa da wutsiyar ido. Sarki yana da dawaki da ganuwa. A zamanin Naguji har aka fara karɓar kashi ɗaya cikin 8 na amfanin gona. Amma in talaka na son ya san ko damina za ta yi kyau, ba fada ya ke zuwa ba.

Sarki Guguwa, 1247 zuwa 1290, ya gane inda gizo ke saƙa. Ya kira shugabannin tsafi, ya nemi su gaya masa asirin abin bautarsu, suka ƙi. Labari ya ce da ya ƙudura zai yaƙe su, sai wani mutum ya zo masa cikin barci riƙe da jan maciji, ya buge shi da shi, ya wayi gari makaho. Wanda ya gaje shi, Shekarau, sai ya zaɓi zaman lafiya. Suka kawo masa gaisuwa, ya bar musu al'adunsu, mulki nasa, tsafi nasu. Cikin wannan sulhu suka yi ta ƙaruwa, har suka kusa fin ƙarfin gidan sarauta.

TSAMIYA YA RUSHE KATANGA

Tsamiya ya hau gado a 1307. Mutum ne mai zafin zuciya, ya tara masu tsafi ya shaida musu ba abin da ke tsakaninsa da su sai baka da mashi. Aka yi yaƙi a bakin katangar, aka kore su. An ce da jaruminsa Bajeri ya kutsa ciki, sai ya iske wani ya jingina da itaciyar, riƙe da jan maciji. Ya soke shi da mashi, abin ya fita da gudu ya faɗa ruwa. Sarki ya sa aka rushe katangar da duk abin da ke gindin itaciyar.

Abin da ya biyo baya shi ya fi yaƙin muhimmanci. Shugabannin da suka rage suka zo suka yi mubaya'a, suka buɗe wa sarki asirin da suka hana Guguwa. Shi kuwa bai kashe su ba, sai ya naɗa su sarautu, wani Sarkin Tsibiri, wani Sarkin Garazawa. Watau ya ɗauke su daga gindin dutse ya shigo da su fada. Tun daga zuwan Bagauda har wannan rana an yi fiye da shekara 300. Ita kuwa itaciyar ba wanda ya taɓa ta.

MASALLACI A GINDIN ITACIYA

A zamanin Sarki Yaji, 1349 zuwa 1385, Tarihin Kano ya ce Wangarawa suka zo daga Mali, su wajen 40, shugabansu Abdurrahman Zaite. Suka kira sarki ga salla, ya karɓa. Ya naɗa liman da ladan da alƙali da mai yanka daga cikinsu, ya sa aka gina masallaci a gindin itaciyar nan, yana duban gabas. Sunayen waɗansunsu har yanzu suna nan a unguwannin birni, kamar Mandawari da Sheshe da Zaitawa.

Mutanen Sarkin Garazawa ba su yarda ba. In an yi salla an watse, sai su zo da dare su ƙazantar da masallacin. Aka sa masu gadi, abin bai tsaya ba. Daga bisani malamai suka taru suka kwana suna addu'a, labari ya ce aka wayi gari shugaban masu ɓarnar ya makance, shi da waɗanda suka bi shi.

Amma al'adar da ta yi ɗaruruwan shekaru ba ta fita dare ɗaya. Kanajeji ɗan Yaji, 1390 zuwa 1410, ya kai wa Zazzau yaƙi aka kore shi. Da ya dawo sai ya nemi shawarar Sarkin Tsibiri, aka ce masa ya koma ga abin da kakanninsa suka bari. Ya sa aka saro reshen itaciyar, aka kashe jan macijin da aka samu a wurin, aka yi masa huffi da fatarsa, aka sassaƙa ganguna da reshen. Ya koma ya ci Zazzau. Mai tarihin bai ɓoye ba cewa wannan sarki shi ya kawo lifidi da kwalkwali da sulke. Mai hankali ya san wanne ne ya ci yaƙin, amma mutanen lokacin itaciyar suka gode wa.

Sai a zamanin Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, aka gama da ita. A lokacinsa Shehu Magili, babban malamin nan na ƙasar Tuwat, ya sauka Kano wajen 1492, ya rubuta wa sarki littafi kan abin da ya wajaba ga masu mulki. Tarihin Kano ya ce babban malamin da ya sauka wurin Rumfa ya umurce shi ya gina masallacin Jumma'a, ya sare itaciyar, ya gina hasumiya a gurbinta, aka kuwa yi haka. Rumfa ya gina sabuwar fada nesa da gindin Dala, ita ce Gidan Rumfa da sarakunan Kano ke zaune ciki har yau. Ya faɗaɗa ganuwa, ya kafa kasuwa a bakin Jakara. Sunanta ya riƙe tarihin wurin, ita ce Kasuwar Kurmi. Inda a da a ke kasa kunne don jin ƙarar masifa, nan aka koma jin hayaniyar ciniki.

DIRKI DA ZUWAN JIHADI

Ko bayan an sare itaciyar, halin neman wani abu rufaffe da za a dogara gare shi bai bar fada ba. A zamanin Muhammadu Zaki, 1582 zuwa 1618, aka fara abin da a ke kira Dirki. Wani ƙunshi ne da a ke naɗe wa fata bisa fata, ana yi masa yanka. Muhammadu Alwali, sarkin Haɓe na ƙarshe, da aka nemi shanu 40 wurinsa don Dirki sai ya ƙi, ya sa samari suka fasa shi da gatura. Da aka kai ciki sai ga Alƙur'ani. Littafin Allah ne aka mayar abin tsafi, aka yi ta rufe shi har aka manta abin da ke ciki. Irin wannan gauraye na Musulunci da al'adun da shi ne babban abin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi wa'azi a kansa. A 1807 jama'ar Shehu suka ci Alwali a Ɗanyaya, ya gudu, daga baya aka kashe shi a Burumburum. Malam Sulaimanu ya zama sarki.

A nan labarin Dala ya haɗu da na ƙasar Boɗinga. Wajen wannan lokaci Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu, ya ga son duniya ya fara shiga jama'a, ransa ya ɓaci, ya bar runduna ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka. Da ya iso Kano sai mutanenta suka tsai da shi, suka roƙe shi ya koya musu yadda a ke mulki bisa shari'a. Ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, ya karanta musu tafsiri. Shi da kansa ya ba da labarin cewa sun farfasa kayan wasan da ya iske wurinsu, har suka mai da kwarangwal ɗin gangunansu abin zuba wa dawaki abinci. Sa'an nan ya fasa tafiyar ya komo gida. Da Shehu ya koma Sifawa da zama, shi kuma ya zauna Boɗinga, ya ci gaba da karantarwa da wallafa. Allah Ya ji ƙansu.

YADDA ZA A AUNA LABARIN

Labari irin wannan ba a haɗiye shi duka, ba a kuma zubad da shi duka, sai a sheƙe shi kamar hatsi. Mutum ba ya ɗaukar giwa a ka. Abin da wannan ke nunawa shi ne, a lokacin ƙasar Kano daji ce mai giwaye, maharbi kuwa shi ne babban mutum. Mai tarihin ya ce ranakun Idi biyu Barbushe ke saukowa, alhali a lokacin Musulunci bai zo ba. Malami ne Musulmi ya ke rubutu bayan ɗaruruwan shekaru, ya kira tsohon biki da sunan da ya sani. Duban da aka ce Barbushe ya yi na zuwan Bagauda da ginin masallaci, shi ma sai a tuna an rubuta shi bayan abin ya riga ya auku. Shekarun sarakunan farko lissafi ne da aka yi ta hanyar tara shekarun mulkinsu ana komawa baya, don haka kusa ne, ba daidai wa daida ba. Akwai ma wani tsohon littafi na asalin Wangarawa da ya kawo zuwan Zaite a zamanin Rumfa.

Amma akwai tsabar da ta rage bayan an sheƙe. Tama tana nan cikin marmara, murhun da aka tono ya shaida an narkar da ita. Jakara na nan, tuddan da aka ambata suna nan da sunayensu, Maguzawa kuma suna nan a ƙauyukan Kano da Katsina. Jerin abin da ya faru shi ma ya yi kama da gaskiya. Baƙi suka zo suka zauna gefe, suka gina ganuwa, suka yi sulhu, suka yi yaƙi, suka ba waɗanda suka ci sarauta, suka gina masallaci a inuwar itaciyar, aka yi fiye da shekara 100 kafin a sa mata gatari. Da ƙirƙira ce don yabon sarakuna, da an ce Bagauda ya sare ta ran da ya iso. Mai tarihin kuwa ya faɗi makantar Guguwa, da sulhun Shekarau, da komawar Kanajeji ga tsafi.

DALA BAYAN HAKA

Da bauta ta ƙare, dutsen ya koma abin da ya ke tun farko, wurin tsayawa a hangi ƙasa. Baturen nan na Jamus, Barth, wanda a ke kira Abdulkarim, ya zo Kano a 1851, aka buga hoton birnin yadda ya zana shi daga Dala cikin littafin tafiyarsa. Ya ƙiyasta mazauna birnin 30,000, ya ce lokacin fatauci su kan kai 60,000. Shi ne kuma a 1853 ya ratsa ƙasar da ke tsakanin Sakkwato da Gwandu, inda Boɗinga da Shagari su ke, za shi Tambutu. A zamanin Sarki Abdullahi Bayero, da aka jawo ruwan famfo daga Calawa, bisa Goron Dutse aka gina matarar ruwan, don daga tudu ya gangaro cikin gari.

Yanzu an yi wa Dala matakala, sunansa yana kan ƙaramar hukuma, yana kan babban asibitin ƙashi. A 2007 Nijeriya ta sa shi, tare da ganuwa da Kasuwar Kurmi da Gidan Rumfa, cikin jerin wuraren da ta ke neman hukumar Unesko ta lissafa su kayan tarihin duniya. Amma ruwan da ya sassaƙa dutsen bai bar aikinsa ba, ko wace damina yana gutsurar gefensa, gidaje kuma sun matse shi har gindi. Marmara ba baƙin dutse ba ce, abin da ya zube ba ya komawa. Wuraren da ba a tona ba tukuna, in aka yi gini a kansu, shaidar da ke ƙarƙashi ta tafi ke nan.

Har wa yau akwai rana ɗaya a shekara da jama'a kan cika dutsen. Ita ce ranar Takutaha, 19 ga watan Rabi'ul Awwal, mako guda bayan Mauludi, ranar da a ke murnar sunan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Yara da samari su kan yi ado su hau Dala, su yi ta hange. Waɗansu masana na ganin sawun tsohon taron zamanin Barbushe ne ya rage, aka sauya masa niyya. Wanda ya hau a ranar zai ga Goron Dutse yamma da shi, in ya juya kudu maso gabas ya ga Kasuwar Kurmi, da hasumiyoyin babban masallaci, da Gidan Rumfa, gari ya miƙe ko ta ina har inda ido ya tsaya. Duk abin nan daga gindin ɗan tudun da ya ke tsaye a kai ya faro.